Daminar da Muka Auna Binuwai

Ban so aikin ba tun ranar da aka miƙo mini takardar. Shekarata ta biyu ce a karatun labarin ƙasa a Ngaundere, kuma dole kowane ɗalibi ya yi wata biyu yana koyon aiki a babban hutu, abin da muke kira sitaj. Na yi ta roƙon Allah ya jefa ni ofishi mai fanka, inda zan zauna ina jera taswirori. Sai aka tura ni Garwa, wani ƙaramin ofishi da aikinsa shi ne auna ruwan kogin Binuwai.

Ni 'yar Kaele ce, ƙasar auduga. Fatauci ne ya kawo kakanmu daga wajen Kano, ya zauna, muka zama 'yan gari. A wajenmu babu kogi, sai mayo, rafin yashi da ke bushe kusan duk shekara, amma in an yi ruwa can nesa ya taho a guje ba sallama. Ina aji uku mayo ya tafi da yarinyar da muke zama benci ɗaya. Da safe mun raba gyaɗa, da la'asar maza na bin gaɓa da gora suna nemanta. Tun daga nan ko randa ba na son leƙawa. Duk sanda motarmu za ta hau gadar Garwa sai in rufe ido, ba na buɗewa sai na ji ƙarar taya ta canza.

Na sauka gidan Gwaggo, yayar babana, wadda mijinta ya rasu ta ci gaba da sayar da atamfa da turare a cikin gida. Unguwarsu tana ƙasa-ƙasa, daga ƙofar gida kana hango itatuwan bakin ruwa. Da na gaya mata inda aka tura ni, dariya ta yi har ta dafa kafaɗata.

"Ke da ba kya wanka sai da moɗa ɗaya? Allah ya kawo ki gidan magani."

Ofishin ɗaki biyu ne da baranda. Na ciki na shef ne, wato shugaban ofishin, wani dogon mutumin kudu mai tabarau wanda ba ya magana sai da Faransanci, kuma ba ya maimaita magana. Na waje namu ne, mu uku masu sitaj. Akwai wata yarinya baƙa siririya daga duwatsun Mokolo, Kirista, 'yar manomi, mai dariya da dukan jikinta. Akwai kuma wani saurayi mai shiru-shiru, ɗan masunta daga wani ƙauye da ke ƙasan madatsar Lagdo. Na huɗunmu wani tsoho ne da ya tsufa yana karanta ruwan kogin, kowa Baba yake ce masa, har shef. Baba ya ce shi kansa ya cika, ba shi da wurin ajiye sababbin sunaye, don haka kowa sunan garinsa zai amsa. Na zama Kaele, ita Mokolo, shi Lagdo. Har yau haka muke kiran juna.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ba ni ba. Kusa da gada akwai matakalar siminti da ta gangara har cikin ruwa, a gefenta an kakkafa sandunan ƙarfe masu zane baƙi da fari, ɗaya sama da ɗaya, ta ƙarshe a jikin ginshiƙin gada. Kowace safiya da kowace la'asar mutum ɗaya zai sauka, ya duba inda ruwa ya taɓa sanda, ya faɗa, wani ya rubuta. Shi ke nan.

Ranar da layi ya zo kaina na taka matakala uku na tsaya. Ruwan yana can ƙasa, jajaye-jajaye, yana tafiya ba ƙara. Rashin ƙarar ne ya fi tsorata ni. Na zauna a wurin. Baba yana gefe yana ta ɓare goro. Sai na ji an kama bakin gyalena ta baya.

"Kai, tashi," in ji Mokolo. Hausarta ta kasuwa ce, kowa kai ne a wajenta, mace da namiji. "Ni ya riƙe ka. In ka faɗi, mu biyu ne."

Haka muka sauka, ni a gaba, ita tana riƙe da gyalena kamar mai jan akuya. Na karanta lambar da muryar da ni kaina ban gane ba, na hawo da gudu. Daga ranar ba ta taɓa barina na sauka ni kaɗai ba, kuma ba ta taɓa tsokanata a kai ba, ita da ke tsokanar kowa.

A saman matakalar, ƙarƙashin wata dalbejiya, akwai wata dattijuwa Bafillatana da ke suyar makala, wato fanke, tana haɗawa da dafaffen wake. Dada ake ce mata. Gidanta yana nan kusa, bayan rumfunan masu wankin kaya, ita da jikokinta mata biyu. In mun gama awon safe nan muke zama a kan benci. Kwano ɗaya muke ci mu uku. Lagdo ya kan ture mana wake ya ce shi kifi ya sani, amma shi ne mai suɗe kwano. Mokolo ta kan zuba barkono har in yi hawaye. Zancenmu kuwa gauraye yake, a fara da Faransanci, a ratsa Fillanci, a ƙare da Hausa, Dada na gyara mana Fillancin tana cewa mun lalata mata harshe.

Na so waɗannan safiyoyin ƙwarai, duk da hankalina bai taɓa kwanciya ba. Ina zaune ne baya ga kogi, kullum. Amma ina jin ƙamshin mai da hayaƙin itace, ina jin bugun masu wanki a kan dutse, ina kallon tsaunin da ke bayan gari yana canza launi in hadari ya taso. Wani lokaci dorina ta huro hanci can tsakiyar ruwa, in zabura in zubar da shayi, Lagdo ya ce, "Gaisuwa ce kawai." Shi ne ya koya mini cewa kumfa fari-fari a gefe na nufin an yi ruwa jiya can inda kogin ya fito, kuma in ciyawa ta fara wucewa da saiwarta to kogi ya fara cin gaɓa. Ba ya duba sanda kafin ya faɗi lamba, kuma da wuya ya kuskure.

Ranar Asabar na kan je unguwar Jambutu wajen Mokolo, inda take zaune da yayanta da matarsa a wani gida kan tudu. Ta yi mini kitso tana rera waƙoƙin cocinsu da yarensu, in lokacin salla ya yi ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma ta kori kaji. Gwaggo ta ba mu ragowar wata atamfa mai ganye, muka ɗinka riga iri ɗaya, muka shiga ofis da ita ranar Litinin. Shef ya dube mu ta saman tabarau, ya ce da Faransanci, yanzu ofishin ya samu inifom. Wannan ce kaɗai raha da na taɓa ji daga bakinsa.

Da watan Agusta ya shiga sai sama ta ƙi rufuwa. Kwana uku, huɗu, ana ruwa. Matakalar da muke sauka da nisa ta fara gajarta. Inda na zauna ranar farko, wata safiya muka zo babu shi. Sandar farko ta nutse, ta biyu ta bi ta. Masu wanki suka kwashe duwatsunsu suka matso sama. Baba ya daina ɓare goro a bakin ruwa, ya kan tsaya ya daɗe yana kallon gabas, inda kogin ya fito.

Wata Laraba shef ya kira mu cikin ɗakinsa, ya rufe ƙofa. Ya ce madatsar Lagdo ta cika, kuma mai yiwuwa dole a buɗe ƙofofinta don kada ta fashe. Ya ce lambobin da muke rubutawa daga wannan ɗaki sai wajen manya, hukuma ce za ta sanar da jama'a ta rediyo in lokaci ya yi. Wanda ya fita ya tayar wa gari da hankali, ya ɗauki jakarsa, kuma kada ya jira sa hannu a kan rahotonsa. Ba tare da wannan sa hannun ba, shekarar karatu ta tafi.

Na fito daga ɗakin da tsoro biyu maimakon ɗaya.

Washegari Dada ta miƙo mini kwano, ba ta sake shi ba. Ta dube ni cikin ido.

"'Yata, ku da kuke rubuta shi kullum. Zai zo har nan?"

Na dubi Mokolo, ta sunkuyar da kai. Lagdo ya tashi ya yi kamar yana neman wani abu a waya. Na ce, "Dada, sai abin da Allah ya yi."

"Wannan na sani tun kafin a haife ki," in ji ta. Ta saki kwanon.

A gida kuma na rasa yadda zan yi da Gwaggo. Na ce mata ko za mu kai atamfofin nan shagon wani ɗan'uwa a kasuwa, saboda danshi. Ta ce shekara nawa tana gidan nan, ruwa ya kan zo bakin masallaci ya gaishe su ya koma. Na fara kwana da takalmina a cikin jaka. In na shiga banɗaki na ji ɗigon ruwa daga indararo sai gabana ya faɗi. Na daina cin abincin kirki. Duk sanda na wuce katangar gidan, ta ƙasa ce, sai in dafa in ji ko ta jiƙe.

Ranar Asabar da safe aka kira mu aiki duk da hutu ne. Muka tarar matakala saura 'yan taki kaɗan, sandunan gaɓa duk sun nutse, sai ta jikin ginshiƙin gada, ita kuma ba a ganinta daga tudu. Sai da kwalekwale. Baba zai riƙe baya, Lagdo zai tuƙa, ana bukatar mai ido da zai karanta, domin idon Baba ya yi rauni. Mokolo ta ce ita za ta. Baba ya girgiza kai, ya ce ranar Kaele ce. Ban san dalilinsa ba har yau, ko bai lura ba ne, ko ya lura sosai.

"Ba zan iya ba, Baba."

"To, mu koma mu gaya wa shef."

Ya juya kamar zai tafi. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Mokolo ta ɗaura mini wata tsohuwar rigar iyo mai warin kifi, ta ja igiyar har na kusa kasa numfashi. Wannan karon babu gyalen da za ta riƙe.

Kwalekwalen yana barin gaɓa na gane cewa ruwan da nake gani daga sama yana tafiya a hankali, ƙarya ne. Ja yake yi kamar da hannu. Na ƙanƙame katako ta gefe biyu, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Baba ya ce in daina kallon ruwa, in kalli ƙeyar Lagdo. Na kalli ƙeyarsa, gumi na bin wuyansa. A ƙarƙashin gada ƙarar ta canza, ruwa na dukan ginshiƙi yana komowa, motoci na wucewa a samanmu kamar a wata duniya. Baba ya kama wani ƙarfe ya riƙe mu.

"Karanta."

Na ɗaga ido na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Innalillahi."

A hanyar komawa ne abubuwa suka fara wuce mu. Wata saniya a kumbure, ƙafafu sama. Jinkar ɗaki sukutum, da kaza a kanta a tsaye. Sai wata ganga da aka yanke rabi, baƙa ƙirin da hayaƙi, tana juyawa, da ragar waya a bakinta. Lagdo ya daina tuƙi. Kwalekwalen ya fara karkata, na yi ihu, Baba ya daka masa tsawa da Fillanci, ya dawo hayyacinsa. Sai da muka taka ƙasa ya yi magana.

"Wannan gangar banda ce. Da irinta muke ƙyafe kifi. A wajenmu kaɗai ake yanka ta haka."

Ya kira wayar babansa, ba ta shiga. Ya kira ta yayarsa, ya kira ta maƙwabci. Muna tsaye muna jin muryar matar nan tana cewa ba a samun lambar. Bai ko koma ofis ba. Ya miƙa wa Mokolo littafinsa, ya tare mai babur, ya ce tasha. Mokolo ta bi shi da gudu ta cusa masa ƙullin makala a aljihu. Bai waiwayo ba.

Na zauna a bencin Dada, rigar iyon tana jikina, na kasa kwance ta. Dada ta zo ta kwance mini da hannunta mai mai. Jikokinta biyu suna gefe suna tsince wake, ƙaramar ba ta wuce shekarun yarinyar nan da mayo ya tafi da ita ba. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba.

"Dada, ki kwashe yaran nan yau. Kada ki kwana a gidan. Zai zo, kuma zai wuce nan."

Ta dube ni, ta dubi Baba. Baba ya ce, "Ni dai awakina tun jiya suna gidan surukina." Dada ta sauke kaskon daga wuta da sauran ƙullu a kwano.

Kafin azahar maganar ta zaga bakin ruwa. Muna komawa muna ganin mutane na fito da tabarmi da tukwane, wani na cewa ai 'yan awon ruwa ne suka faɗa. Duk wanda ya ambaci haka sai in ji kamar an nuna ni da yatsa. Ranar Lahadi na wuni a ɗaki ina lissafa yadda zan gaya wa babana cewa an kore ni. Ruwan kuma bai iso ba. Na shiga wani sabon tsoro: in bai zo ba fa? Na tayar da mutane daga gidajensu a banza, na kuma rasa shekara. Na kama kaina ina fatan ya zo, sai na ji kunyar kaina, na yi istigfari.

Litinin da safe shef ya kira mu. Idanunsa sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa. Ya ce an ce daga ofishinsa magana ta fita, yana son ya san wa. Na ji Mokolo ta ja numfashi za ta yi magana, na san abin da za ta yi, za ta ce ita ce. Na riga ta.

"Ni ce, shef."

Ya tambaya me na ce, na gaya masa, kalma da kalma. Ya tambaya ko na faɗi lamba, na ce a'a. Baba, daga bakin ƙofa, ya ce da Faransancinsa na tsofaffi, wai duk mai ido ya ga saniya ta wuce. Shef ya cire tabarau ya murza fuska. Ya ce in fita, za mu yi maganar daga baya. Na fita ban san ko korata aka yi ba. Da hantsi rediyo ta fara sanarwa da Faransanci da Fillanci, a bar bakin kogi.

Ruwan ya shigo unguwar Gwaggo da la'asar ɗin ranar, rana tana haske, ba ko ɗigon ruwan sama. Wannan ne abin da ban taɓa zato ba. Na ɗauka zai zo da ƙugi irin na mayo. Sai ya shigo ta kwata, a hankali, yana tura ledoji da bawon rake a gabansa. Ya tsaya a bakin masallaci kamar yadda Gwaggo ta ce. Sannan ya wuce.

"Gwaggo, don Allah."

"Bari in ga ko zai hau dokin ƙofa."

Ya hau. Sai a lokacin ta fara salati tana tattara atamfofi. Na kira Mokolo, ban gama magana ba ta ce suna hanya. Suka iso ita da yayanta da amalanke, ruwa ya kai mana ƙwauri a tsakar gida. Muka ɗora atamfofi, keken ɗinki, buhun masara, da akwatin da takardun gida ke ciki. Gwaggo ta koma ta ɗauko kwalaben turarenta a zani, ta koma ta ɗauko hoton mijinta, za ta koma na uku yayan Mokolo ya tare ƙofa.

"Hajiya, ya isa. Katangar nan ba ta da lafiya."

Muka fita layi. Babu hanya, sai ruwa daga bango zuwa bango, mutane na tafiya a jere da kaya a ka. Ba a ganin inda kwata take. Ruwan ya kai mini gwiwa, a kwanar gidan mai niƙa ya kai cinya, yana ja ta gefe. Wani abu mai santsi ya goge ƙafata, na ƙame. Na kasa gaba, na kasa baya. Ina jin mutane na cewa a matsa, ina jin Gwaggo tana kirana daga gaba, amma kamar daga cikin rijiya. Abin da nake gani kawai shi ne maza da gora a bakin mayo.

Mokolo ta dawo. Tana ɗauke da tukunya a ka, ta saki hannu ɗaya ta kama wuyan hannuna.

"Kaele. Kai ka shiga kwalekwale, ni ban shiga ba. Taka inda na taka."

Na taka inda ta taka. Ban san tsawon tafiyar ba, wataƙila ba ta kai ta zuwa kasuwa ba. Muna hawa kan kwalta muka ji wani ƙara a baya, mai nauyi, kamar an sauke buhu. Katangar wani ce ta zauna. Gwaggo ba ta juya ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a Jambutu. Matar yayan Mokolo ta bar mana ɗakinta, ta ware mana tukunya da kwanoni ba tare da an roƙe ta ba. Gwaggo, wadda ban taɓa ganin ta kwana a gidan da ba na dangi ba, kwana biyun farko ba ta magana, tana zaune a kan akwatinta da carbi. A na uku ta ga yadda matar gidan ke kaɗa miyar kuka, ta kasa haƙuri, ta karɓe maburgi. Daga nan kicin ya koma hannunta, kowa ya huta.

Muna zuwa aiki kullum, yanzu daga kan gada Baba ke zura igiya mai ƙarfe a baki. Shef bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban tambaya ba, na dai riƙa shiga ina sa ran ranar ce. Dalbejiyar Dada tana tsaye cikin ruwa har wuya, bencinmu ya tafi. Mun samu labarin Dada tana wata makaranta da aka buɗe wa mutane, ita da jikokin. Gidanta ko alamarsa babu.

Lagdo ne ba labari. Kowace safiya Mokolo ta kira, kowace la'asar in kira. Jita-jita kuwa ba irin wadda ba mu ji ba, wai ƙauyuka sun tafi gaba ɗaya, wai an ga gawawwaki a ƙasan gari. Kujerarsa na nan da littafinsa a kai, ba mai taɓawa. Mokolo ta daina dariya. Wata rana na same ta a bayan ofis ta durƙusa tana addu'a da yarensu, na tsaya a gefenta na yi tawa.

A rana ta tara, muna cin abincin rana, wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Na ɗauka.

"Kaele? Lagdo ne."

Mokolo ta fizge wayar ta fara zaginsa tana kuka. Da ƙyar muka ji bayaninsa. Suna kan wani tudu, su da mutanen ƙauye uku. Babansa da innarsa da ƙannensa suna raye, da kwalekwale suka fita. Gida ya tafi, gangunan banda da ragogi duk sun tafi. Ƙanin babansa ya koma kwance shanu, ba a gan shi ba har yanzu. Ya ce ba zai dawo ba, babu mai taya babansa. Ya ce a gaishe da Baba. Sai ya tambaya nawa ruwa yake yau, na gaya masa, ya ce, "Ya fara sauka ke nan." Layin ya yanke.

Ni da Mokolo muka raba littafinsa biyu muka rubuta masa rahoto, muna ƙoƙarin kwaikwayon gajerun jimlolinsa. Ranar ƙarshe muka ajiye uku a teburin shef. Ya buɗe na Lagdo, ya ga rubutun hannu iri biyu, ya dube mu. Ya sa hannu. Ya sa wa Mokolo. Nawa ya riƙe shi ya fi sauran daɗewa, sannan ya sa hannu ya buga hatimi, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ba. Lagdo ya koma karatu bayan shekara guda. Ba a taɓa samun ƙanin baban nasa ba.

Kafin in koma Kaele muka je share gidan Gwaggo. Katangar gabas ta faɗi, ɗakuna biyu sun tsaya. Laka ta kai idon sawu, ga wari, ga layi ja a jikin bango daidai ƙirjina. Muna kwasar laka da kwanoni, ni da Mokolo, sai muka ji Gwaggo ta ƙwala ihu daga kicin. Na yar da kwano, zuciyata ta ba ni maciji. Muka same ta tsaye a kan turmi, tana nuna ramin murhu inda ruwa ya kwanta. Wata ƙatuwar tarwaɗa ce a ciki, da ranta, tana motsa gashin baki.

Mokolo ta yi ta fama da ita a cikin laka har ta faɗi zaune sau biyu kafin ta kama ta. Gwaggo ta sauko daga turmi, ta gyara ɗaurin zani, ta duba kifin sama da ƙasa.

"Kwana goma sha ɗaya tana zaune a kicin ɗina," in ji ta. "Ku nemo mini busasshen itace."

A tsakar gida muka ci ta, a kan bulo, da barkono da ɗan gishirin da aka aro a maƙwabta.